An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Malamin da Ake Ƙi Saboda Ciwonsa

A watan Oktoba na 2020, lokacin da aka ba makarantu izinin komawa bayan dogon kullen korona, wani aminina ya shigo zaurena da la'asar sakaliya, ya zauna, ya ƙi taɓa ruwan da aka kawo masa. Malamin lissafi ne, ya kusa shekara ashirin yana shaƙar ƙurar alli. Makarantar kuɗin da yake koyarwa ba ta ba shi ko sisi ba tun da aka rufe, da aka tashi buɗewa kuma aka ce an rage ma'aikata. Sai ya nemi aiki a wata makarantar. Ya zauna jarrabawarsu ya ci. Aka sa shi ya koyar da darasin gwaji a gaban 'yan aji uku na babbar sakandare, ya koyar, har shugaban sashen ya raka shi bakin ƙofa yana yaba masa. Daga nan aka miƙa masa fom: kana da ciwon suga? Hawan jini? Asma? Sikila? Ya rubuta gaskiya, cewa yana da suga da hawan jini, kuma yana shan magani. Bayan kwana biyu mai makarantar ya kira shi ya ce: "Malam, ka yi haƙuri. Ka san halin da ake ciki. Ba za mu iya ɗaukar nauyin abin da ka je ya dawo ba, kuma iyayen yara ba za su ji daɗi ba."

Da ya gama ba ni labari sai ya yi shiru, can ya ce: "Da na yi musu ƙarya, da yau ina cikin aji." Shekaru sun wuce, wannan magana ba ta bar kunnena ba, kuma duk lokacin da ta dawo mini sai na ji zuciyata ta tafasa. Korona ta lafa, amma ɗabi'ar da ta bar mana ta zauna daram. Fom ɗin yana nan a ofisoshin makarantu da yawa, har an ƙara masa layuka. Duk sanda aka ji ƙishin-ƙishin ɗin wata annoba, mashaƙo ne, kwalara ce, zazzaɓin Lassa ne, sai a zaro shi a kaɗe masa ƙura.

Mu fara da abin da ko ɗan aji shida na firamare ya sani. Ciwon suga ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukar hawan jini a numfashi. Sikila gadonta ake yi daga uwa da uba, ba a shafa wa wani ita da gaisawa. Abin da likitoci suka faɗa a lokacin korona shi ne, mai suga da mai hawan jini da wanda shekarunsa suka ja sun fi shan wuya idan cutar ta kama su. Wato haɗarin a kan malamin yake, shi ake tsoron yara su shafa wa. To ta ina ƙin ɗaukarsa ya kare yaro? Wane ɗalibi ne ya tsira daga korona don an hana mai suga riƙe alli? Babu ko ɗaya. Maganar "iyayen yara" mayafi ce kawai aka yafa wa lissafin aljihu. Mai makaranta ya zauna ya auna: wannan zai riƙa neman izinin zuwa asibiti, wata rana zai kwanta, idan ya mutu a hannuna za a zo neman haƙƙinsa. Sai ya zaɓi yaro ɗan shekara ashirin da biyar da zai karɓi rabin albashi ya yi shiru. In haka ne a fito a faɗa, a daina jingina son kuɗi a wuyan 'ya'yanmu.

Wasu za su ce ai don amfanin kansa aka yi, an tausaya masa ne kada ya shiga cunkoso ya kwaso ajalinsa. Wannan ta fi ta farkon ciwo. Wane irin tausayi ne ke raba magidanci da abincinsa? Mai ciwon suga kullum cikin sayen magani yake, yana buƙatar awon jini, yana buƙatar cimar da ta dace da shi, wani ma sai da allura safe da yamma. Ka ƙwace masa albashi ka ce ka cece shi? Ka fitar da shi daga aji ka tura shi kasuwa ko tasha neman na cefane, inda cunkoson ya ninka na ajin, babu mai tambayarsa ko ya sa takunkumi. Da tausayin gaskiya ne, da an ba shi ajin da ya fi iska, an rage masa yawan ɗalibai, an ba shi takunkumi mai kyau, an sauke masa tsayuwar taron safe, sannan a bar shi ya yanke wa kansa shawara shi da likitansa. Baligi ne mai hankali, ya fi kowa sanin jikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada mu manta halin da malaman makarantun kuɗi suka shiga a shekarar. A ƙarshen watan Fabrairu aka tabbatar da mai korona na farko a Legas, a watan Maris gwamnati ta rufe makarantu. Sai a watan Agusta 'yan ajin ƙarshe suka koma don jarrabawar WAEC, sauran kuwa sai wajen Oktoba. Malamin gwamnati, duk da ƙorafinsa, albashinsa bai tsaya cak ba a mafi yawan wurare. Na makarantar kuɗi kuwa aka ce masa iyaye ba su biya ba, don haka babu. Mun ga malamai sun koma tallar kayan miya, sun koma leburanci, wasu sun sayar da 'yan littattafan da suka tara. Gwamnatin tarayya ta fito da asusun tallafa wa ƙananan sana'o'i wanda ya haɗa da ma'aikatan makarantu masu zaman kansu, amma ɗigon ruwa ne a bakin mai ƙishi. Waɗannan bayin Allah su ne suka ɗauki makarantun a kafaɗarsu shekara da shekaru, kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi. Da aka buɗe suka fito neman aiki a galabaice, abin da aka tare su da shi shi ne fom ɗin tonon asirin jikinsu.

Yanzu mu shiga ajin da ake cewa ana karewa. Ɗaki ne da aka gina don yara talatin, an cusa saba'in ko fiye. Taga ɗaya ce, ita ma an toshe rabinta da kwano saboda ɓarayi. Randa ɗaya, moɗa ɗaya, kowa ya sha ya mayar. Ban-ɗaki guda biyu ga ɗaruruwan yara, babu ruwa babu sabulu. Wasu makarantun ma gidan haya ne aka yanka ɗakunansa da katako. Nan ne cuta take kwana take tashi. Korona a numfashi take tafiya, cunkoso da rashin iska su ne hanyarta. Kwalara ta ruwa da ƙazanta take bi. Sanƙarau da ya kashe mana sama da mutum 11,000 a 1996 ya fi samun gindin zama a ɗakunan da aka cika maƙil lokacin zafi da ƙura. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, ya fi yi wa Kano ɓarna, akasarin waɗanda ya kama yara ne da ba a yi musu rigakafi ba ko ba a kammala musu ba. Makarantu nawa ne suka tambayi katin rigakafin yaro kafin su karɓi kuɗin rajistarsa? Nawa ne suka rage ɗalibai, suka fasa bango suka ƙara taga, suka haƙa rijiyar burtsatse? Waɗannan kuɗi suke ci. Sallamar malami kuwa kyauta ce. An bar jaki ana dukan taiki, kuma da gangan ake yi, don taikin ba ya harbi.

Akwai abin da ya fi fom muni, wato gwajin jini na dole. Makarantu da dama yanzu sukan tura mai neman aiki wani ɗakin gwaji da suka ƙulla da shi, a ɗebi jininsa, sakamakon kuma ya wuce kai tsaye teburin mai makaranta, mai jinin bai gani ba. Wata 'yar maƙwabtanmu da ta gama NCE ta faɗa wannan tarko a shekarar da mashaƙo ya tsananta. An ce mata awon lafiya ne saboda halin da ake ciki. Ba mashaƙo aka gwada ba. Ƙanjamau da ciwon hanta aka gwada, har da ciki. Daga bakin wata ma'aikaciyar ofishin makarantar ta fara jin tana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, a tsaye, a gaban mutane, ba likita ba nasiha. "Baiwar Allah, ki je ki nemi magani tukuna," shi ne abin da aka ce mata. Kafin sati ya zagayo maganar ta shiga unguwa, ta kai gidan wanda ke neman aurenta. Aiki ɗaya ta je nema, ta dawo ta rasa aikin, ta rasa sirrinta, ta kusa rasa aurenta. Wa zai biya ta wannan?

Ciwon hanta nau'in B ta jini da saduwa yake bi, da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Ba a ɗaukarsa da zama aji ɗaya, ko riƙe littafi ɗaya, ko tari. Yana da allurar rigakafi, tana cikin waɗanda ake yi wa jarirai. Ƙanjamau ma haka hanyoyinsa suke, kuma wanda ke shan maganinsa yadda ya kamata yana rayuwa ya yi aiki kamar kowa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar cutar a Nijeriya. A cikinsu akwai malamai, akwai likitoci, akwai direbobi, akwai masu makarantu su kansu. Mu kore su duka mu kai su ina? Kuma wannan gwajin na dole haramtacce ne a doka. Dokar hana nuna wariya ga masu ƙanjamau ta 2014 ta hana a mayar da gwajin cutar sharaɗin ɗaukar aiki, ta hana a yi wa mutum gwajin ba da yardarsa ba, ta hana a fallasa sakamakonsa. Tun kafin dokar ma kotu ta yi magana. Georgina Ahamefule ma'aikaciyar jinya ce a Legas da aka yi wa gwaji ba da saninta ba a 1995, aka sallame ta. Da ta kai ƙara, har shiga zauren kotu aka taɓa hana ta saboda tsoron cutar. Sai a 2012 Babbar Kotun Legas ta ce sallamar zalunci ce, ta ba ta diyyar naira miliyan 7. Shekara goma sha bakwai tana jiran a ce mata an cuce ta.

Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Dokar tana nan a rubuce, amma wa ke aiwatar da ita? Malamin da albashinsa bai kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, da wane kuɗi zai ɗauki lauya ya tafi Kotun Ma'aikata? Kuma in ya je, sai ya tsaya gaban jama'a ya ambaci ciwon da yake ɓoyewa. Masu wannan aiki sun san haka sarai, shi ya sa ba sa rubuta dalili a takarda. Da baki ake faɗa, ko a ce "za mu neme ka," a kashe waya. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa, amma ga mai sikila ana mayar da shi gida saboda jinin da aka haife shi da shi, a ƙasar da ake haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila kowace shekara. Masu sa ido daga Ma'aikatar Ilimi suna zuwa makarantun nan. Suna duba rajista, suna duba rasit ɗin sabunta lasisi. Ban taɓa jin wanda ya ce a kawo masa fom ɗin ɗaukar ma'aikata ya gani ba. Ita kanta gwamnati ba ta fita ba, domin takardar shaidar lafiya da take nema wajen ɗaukar aiki ta zama ƙofar da kowane jami'i ke fassara ta yadda ya ga dama.

Na san abin da uba ko uwa za su tambaye ni: to idan cutar mai yaɗuwa ce fa? Malami mai tarin fuka ya tsaya yana tari a kan ɗana? Sam. Ni ma uba ne, ba zan yarda ba. Wanda ke ɗauke da cutar da ake ɗauka a iska, a lokacin da take yaɗuwa, wurinsa gida ko asibiti ne. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin "je ka warke ka dawo" da "je ka, kada ka dawo." Tarin fuka yana warkewa. Maganinsa na wata shida ne, kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati, kuma bayan 'yan makonni da fara shan sa daidai yawancin masu shi sun daina zama haɗari ga na kusa da su.

An taɓa yin shari'a a kan irin wannan a Amurka, kuma a kan malama aka yi ta. Gene Arline ta koyar a firamare a jihar Fulorida tun 1966. Tarin fukan da ta yi fama da shi a ƙuruciya ya dawo mata, hukumar makarantun yankin ta kore ta a 1979. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, a 1987 kotun ta ce kasancewar cuta mai yaɗuwa ba ya ba mai aiki damar kora kai tsaye. Dole a duba mutumin shi kaɗai, bisa hujjar likitoci: ta wace hanya cutar ke yaɗuwa, tsawon wane lokaci mai ita zai iya shafa wa wani, yaya girman illarta, kuma mene ne yiwuwar ta kama wani a irin aikin da yake yi. Bayan haka a duba ko akwai gyaran da za a yi masa ya ci gaba da aikinsa. Tambayoyi huɗu ne da duk mai hankali zai yarda da su, a Fulorida ko a Funtuwa. A auna aminina da su, a auna 'yar maƙwabtanmu da su, a ga ko akwai wadda ta kama su.

Tsoro idan ya rabu da ilimi ba shi da linzami, kuma ba ya zaɓen ƙasa. A 2014, lokacin Ebola, wata makaranta a jihar Kentaki ta Amurka ta nemi malamarta ta zauna gida kwana 21 saboda ta je Kenya, ƙasar da ba a sami mai Ebola ko ɗaya ba, mai nisan dubban kilomitoci daga Laberiya da Gini da Saliyo. Malamar ta ajiye aikin. A shekarar nan kuwa mu a nan mun nuna mun san hanya. Da cutar ta shigo Legas a watan Yuli, Dakta Ameyo Adadevoh ta tsare mai ita har ta rasa ranta, aka bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da shi. Ministan Ilimi na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya sanar da ɗage komawa makarantu, aka ce a horar da ma'aikata a kowace makaranta. Ƙungiyar malamai ta NUT ta kafe a kan sai an kawo kayan kariya da na auna zafin jiki kafin 'ya'yanta su koma. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, a ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta fita. Da bin sawun cutar aka ci wannan nasara, da ruwa da sabulu da sa ido. Ba a ci ta da farautar masu suga da masu asma ba.

Ga babbar illar da nake so masu makarantu da iyaye su ji da kunnen basira. Duk malamin da aka ƙi saboda ya faɗi gaskiya, darasi ne aka koyar da malamai ɗari da suka ji labarinsa: ku rufe bakinku. Kuma sun ɗauki darasin. Yau akwai masu sayen takardar shaidar lafiya ba tare da likita ya gan su ba. Akwai masu ƙin zuwa gwaji gaba ɗaya, don abin da ba ka sani ba ba za a kore ka a kansa ba. Akwai masu tafiya wani gari karɓar magani kada a gan su a layi. Mafi haɗari, akwai malamin da tari ya kama shi sati uku, yana zufa da dare, yana ramewa, ya san ya kamata ya je asibiti, amma ya san ranar da bai zo ba za a yanke masa, in kuma aka ji sunan ciwon an gama da shi. Sai ya sha maganin tari na kemis, ya shiga ajin nan mai taga ɗaya, ya tsaya gaban yara saba'in. Dokar ƙwadago ta ambaci kwana goma sha biyu na hutun jinya da albashi a shekara, amma malaman makarantun kuɗi nawa ne suka taɓa ganin ko kwana ɗaya? Annoba ba ta da aminin da ya wuce ɓoyo. Wanda ya hukunta mai faɗin gaskiya, shi ya buɗe wa cuta ƙofar ajin da hannunsa. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Mu iyaye ma sai mun karɓi rabonmu na laifi. Mu ne muke tsayawa a bakin makaranta muna raɗa: "Kin ga yadda malamin nan ya rame kuwa?" Mu ne muke kiran mai makaranta mu ce in ba a cire wance ba za mu cire 'ya'yanmu. Mun gaji wannan ƙyama tun daga kakanni, har muka sa ta a karin magana muka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ku duba zaluncin da ke cikin zancen: yaron lafiyarsa ƙalau, amma an yanke masa zaman zargi na shekara arba'in saboda ciwon ubansa. Yau kuturta tana warkewa da magani, amma tunanin bai warke ba, ya dai sauya waɗanda yake bi. Kuma yaranmu suna kallo. A kowane aji akwai yaro mai sikila, akwai yarinya mai asma, akwai wanda aka haifa da ƙwayar cuta bai san hawa ba bai san sauka ba. Idan suka ga an kori malaminsu saboda irin abin da ke jikinsu, me muka gaya musu game da gobensu? Mun ce musu ku yi karatu, amma ku sani ba a son irinku.

Kada kuma wani ya fake da addini. Addininmu ya koyar da kiyayewa, haka ne. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka a can, wannan killacewa ce tun kafin a san ƙwayar cuta. Amma Umar ɗin nan dai shi ne ya bar Mu'aiƙib a kan amanar baitulmali alhali yana fama da kuturta, ya kuma nema masa magani. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ya yi ladanci a Madina, an sha barin garin a hannunsa. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, wanda Makka ta dogara da fatawarsa a zamaninsa, mutum ne mai lalurori a jiki, ga gurgunta ga matsalar ido, ba a ce ya tashi daga majalisin karatu ba. Magabata sun raba tsakanin gudun annoba da wulaƙanta mai ciwo. Mu ne muka cakuɗa su, muka ɗauki rashin imani muka sa masa sunan rigakafi.

Abin ya ƙara ba ni takaici idan na tuna wa ke wannan zaɓen. Ƙasar da ke da yara sama da miliyan goma a waje da makaranta, mafi yawansu a Arewa. Nahiyar da hukumar UNESCO ta ce ƙasashenta na kudu da Sahara suna buƙatar ƙarin malamai miliyan 15 kafin 2030. A ranar malamai ta duniya ta 2020, a cikin watan da aka mayar da aminina gida, Shugaba Buhari ya yi alƙawarin ƙara shekarun ritayar malamai zuwa 65, daga baya a 2022 ya zama doka. Gwamnati na cewa ku daɗe muna buƙatar ƙwarewarku, kasuwa na cewa in ka haura hamsin jininka ya hau ba mu so. Wane ɗan shekara sittin ne a ƙasar nan, bayan shekara talatin a gaban allo da wannan albashin, za a auna a tarar babu komai a jikinsa? Malamin lissafi da kimiyya da muke nema da fitila, shi muke jefarwa don ya tsufa a bakin aikinmu.

Abin da nake nema ba shi da wuyar fahimta. Ma'aikatun ilimi na jihohi su haramta tambayar tarihin ciwo a fom ɗin neman aikin koyarwa, su sa wannan cikin sharuɗɗan lasisi, wanda ya saɓa a karɓe lasisinsa. In za a yi awon lafiya, a yi shi bayan an ba mutum aiki, likita ya rubuta kalma ɗaya, zai iya ko ba zai iya ba, sauran bayanin ya tsaya tsakaninsa da mai jikin. Ɗakin gwajin da ya miƙa sakamakon wani ga mai makaranta a hukunta shi. A wajabta hutun jinya da albashi, musamman lokacin annoba, don mai tari ya sami ƙarfin halin cewa yau ba zan shiga aji ba. Hukumar NACA mai yaƙi da ƙanjamau ta fito da dokar 2014 daga kabad ta kai ta gidajen rediyo da Hausa. Ƙungiyar masu makarantu ta NAPPS ta tsawata wa 'ya'yanta. Ita kuma NUT ta tuna cewa malamin makarantar kuɗi ma malami ne, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Mu iyaye, ranar taron iyaye da malamai mu tambayi yara nawa ne a aji, ina ruwa, ina sabulu, wa ya duba katin rigakafi. Mu bar jikin malami ga likitansa.

Aminina bai koma aji ba. Yana tsaron shagon wani ɗan'uwansa, da dare kuma yana tara yaran unguwa a ƙofar gida yana koya musu lissafi da fitilar waya. Ciwonsa yana nan, yana shan maganinsa, bai kwanta ko sau ɗaya ba tun daga lokacin. Kwanakin baya ya gaya mini cewa wani tsohon ɗalibinsa da ya gama kwalejin ilimi ya zo wurinsa da irin fom ɗin nan. Yaron yana da sikila. Ya durƙusa ya ce: "Malam, kai ka koya mana kada mu yi ƙarya. Me zan rubuta a nan?" Mutumin da ya kusa shekara ashirin yana amsa tambayoyin yara ya ce mini ya buɗe baki ya rasa abin da zai faɗa. Mu muka jefa shi cikin wannan shirun, masu makarantu da hukuma da iyaye, kuma amsar yaron nan tana wuyanmu.